Tsakuwa a Aljihun Hagu

Baba: Alo. Wa ke magana?

Auta: Ni ne, Baba, autanka. Ina wuni?

Baba: Lafiya. Wannan ba lambarka ba ce.

Auta: Wayar maman yara ce, tawa ba caji. Ya gida? Ya gwiwar?

Baba: Tana nan inda ka bar ta. Yau Talata, ruwa tun da safe, ita kuwa ba ta shiri da sanyi.

Auta: Sannu. Nan ma hadari ne, bai zubo ba. Ina Mama?

Baba: Ta shiga maƙwabta. Ya yaran? Ina mai surutun nan?

Auta: Haƙorinta ya fita. Ta ce a gaya maka yanzu kun zama ɗaya.

Baba: Nata zai dawo. Ya aiki?

Auta: Alo? Baba, kana jina?

Baba: Ina jinka sarai. Na ce ya aiki.

Auta: Da godiya.

Baba: Ba ka saba kirana ranar aiki ba. Faɗi.

Auta: Baba, kai da ka shekara talatin kana tsaron mararrabar jirgin ƙasa kafin ni, ka taɓa barin ƙarfen tare hanya a ƙasa minti ashirin da biyar bayan jirgi ya wuce?

Baba: Ƙarfen ne ya ƙi tashi?

Auta: Ƙarfen lafiyarsa lau. Ni ne na ƙi ɗagawa.

Baba: Dalili?

Auta: Ji nake wani jirgin na tafe. Na duba takardar lokaci, babu. Na kira tasha, suka ce babu. Na ajiye wayar, sai na ce ko ban ji daidai ba, na sake kira. Sau uku.

Baba: Motoci fa?

Auta: Layi har kwanar gidan mai. Ana ta danna oda, ana zagin iyayena. Ka yi haƙuri, ka sha zagi yau.

Baba: Na saba. Sai kuma me?

Auta: Akwai motar asibiti a layin. Ta huɗu. Ina kallon fitilarta tana juyawa, hannuna na kan maɓalli, ya ƙi dannawa. Ƙirjina kamar ana daka a ciki, zufa har cikin takalmi. Sai da direban ya fito ya buga min tagar ɗakin gadi.

Baba: Wanda ke cikin motar fa?

Auta: Ban sani ba. Ban iya tambaya ba.

Baba: Tun yaushe abin ya kama ka?

Auta: Wata biyar.

Baba: Me ya faru wata biyar? Ka taɓa mantawa ne? An taka wani?

Auta: Ko akuya ba a taka ba. Wata rana ce kawai jirgin safe ya wuce, na waiwaya na ga ƙarfe a ƙasa, amma ban tuna lokacin da na sauke shi ba. Sai na ce, to ranar da hannun bai yi da kansa ba fa? Shi ke nan. Tun ranar nake saukewa kafin ƙararrawa ta buga. Da farko minti biyu. Sai biyar. Yanzu ɗagawar ce ta gagare ni.

Baba: Kana cin abinci?

Auta: Ina taɓawa. Na ƙara wa bel huda biyu.

Baba: Ka ƙara wa wa?

Auta: Bel, Baba. Na wando. Layin ne ba kyau.

Baba: Matarka ta sani?

Auta: Ita ta miƙo min wayar. Ta ce ko in kira ka, ko in je wurin likitan ma'aikata.

Baba: To ka je mana.

Auta: Ka fi ni sanin abin da zai rubuta. In ya rubuta ban dace da tsaron hanya ba, aikin ya tafi. Gidan da muke ciki na ma'aikata ne, wata ɗaya za su ba mu mu kwashe kaya. Ina zan kai yara uku? Ɗakinka?

Baba: Asibitin gari fa? Ba na ma'aikata ba.

Auta: Na je. Sun auna zuciya, sun ce lafiya take, damuwa ce. Sun ba ni ranar ganin likitan damuwar, sai nan da wata biyu. Sun ce in riƙa jan numfashi a hankali ina ƙirgawa. Ina ƙirgawa, motoci na oda.

Baba: Shugaban tasha me ya ce?

Auta: Takardar gargaɗi ta uku. Gobe mai duba aiki zai zo ya tsaya a bayana a jirgin shida da kwata na safe. In na sauke kafin ƙararrawa, ko na wuce minti biyu ban ɗaga ba, in miƙa makulli.

Baba: Saurara. Ka nemi tsakuwa ɗaya, mai santsi. Ka sa a aljihun dama. In ka sauke ƙarfe, ka mayar da ita hagu. In zuciya ta ce ba ka sauke ba, ka taɓa hagu. In tasha ta ce hanya fes, ka mayar da ita dama ka ɗaga. Kada ka sake tambaya, tsakuwar ta riga ta amsa.

Auta: Baba, ina da tsakuwa.

Baba: Wa ya koya maka?

Auta: Kai. Ina yaro ina kawo maka abincin rana, ina ganin hannunka na shiga aljihu yana fita. Mama na faɗa kullum, wai kana huda mata aljihunan da take ɗinkewa. Sai bana na gane.

Baba: To. Ba ta yi ba?

Auta: Ta yi sati uku. Yanzu tsakuwar nake dubawa. In na ji ta a hagu, sai in ce ko tun jirgin jiya take can.

Baba: Hm.

Auta: Alo? Ya katse ne?

Baba: Ina nan.

Auta: Ashe kai ma ya kama ka.

Baba: A shekarata ta tara a aiki.

Auta: Ba ka taɓa faɗa ba.

Baba: Wa zan gaya wa? Ku bakwai ne.

Auta: To yaya aka yi ya wuce? Abin da na kira in ji ke nan. Wata nawa ya ɗauka?

Baba: Ruwan nan ya ƙaru. Bari in rufe taga.

Auta: Baba, bar tagar. Yaushe ya wuce?

Baba: Tana aljihuna yanzu.

Auta: Tsakuwar? Shekararka goma sha ɗaya da ritaya.

Baba: Murhun gas nake dubawa da ita. Da ƙofar gida. Mamanka ta ɗauka tsufa ne.

Auta: Ke nan haka zan ƙare.

Baba: Ni ban ga likita ba. Kai an ba ka rana. Ka riƙe ta.

Auta: Wata biyu, Baba. Jirgi kuma gobe ne.

Baba: Na ji. Motar farko tana tashi huɗu da rabi. Zan iso kafin shida.

Auta: Da wannan gwiwar? Ba a barin baƙo a ɗakin gadi, ka sani.

Baba: Ni na kafa allon da ya hana. Akwai benci a ƙetaren titi, gaban mai faci?

Auta: Yana nan. Ƙafa ɗaya ta karye, an tokare da bulo.

Baba: Nan zan zauna. Kada ka kalli ƙarfe, kada ka kalli mai duba aiki. In jirgi ya wuce zan cire hula. In ka ga na cire, ka danna.

Auta: Jibi fa? Da gata? Kullum za ka zo ka cire min hula?

Baba: Ban sani ba.

Auta: In ka cire, hannun ya ƙi fa?

Baba: Sai mu kwashe kaya tare.

Auta: Baba, in kuma kai ma ka ji kamar wani jirgin na tafe? Za ka iya cirewa?

Baba: Wayar na ƙara. Katinku ne zai ƙare.

Auta: Ba ka amsa ba.

Baba: Ka gaya wa matarka ta dafa shayi da ni. Kada Mamanka ta ji, zan ce mata asibitin gwiwa zan—