Ɗaurin Ƙirji

A tashar Gummi, wani dattijo yana ɗaure ƙaton karensa a but ɗin motar Anka. Wata fasinja ta leƙo ta taga.

"Baba, ɗaure shi a wuya ka rufe but ɗin mana! Yawunai najasa ne."

"A ƙirji ake ɗaurewa, ɗiyata. In mota ta faɗa rami, igiyar wuya shaƙe shi za ta yi. In kuma aka rufe, zafi ya kashe shi."

"To wa zai riƙe shi?"

"Ni. Nan zan zauna."

"Cikin but? Haba Baba, ɗiyanka su zo tarbarka su gan ka haka?"

Dattijon ya sake jan ƙullin.

"Ba mai tarbata. Da, mu tara ne a gidan. Yanzu in na yi sallama, shi kaɗai ke tasowa."