Na Bar Goro, Goro Bai Bar Ni Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Buba mai gyaran babur ne daga Mubi.

Likita ya hana ni goro saboda hawan jini, na rantse wa matata Hajara na bari. Washegari maƙwabcina Yohanna ya kawo goron gayyatar auren ɗansa. Na ce na daina ci. Ya ce, "Ka ƙi gorona, ka ƙi bikina ke nan!" Dole na karɓa na jefa aljihu.

Hajara ta tashi wanki ta gani, ta ce, "Malam, rantsuwar ko kwana ba ta yi ba?" Yanzu sai ta duba haƙorana take ba ni tuwo.

Jama'a, ina mafita? Yohanna, ina gaisuwa. Don Allah zo ka ba da shaida, amma kada ka riƙo goro.