Jikar Mai Fasa Dutse

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Dakta Abdulbaqi, jagoran 'yan Arewa mazauna Doha. Malaman jami'a da suka ajiye alli suka zo. Likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan gas. Ɗalibai, waɗanda na lura duk sun zaɓi kujerun da ke kusa da ƙofar da abinci zai shigo. Iyayenmu mata da ke can baya. Da maiɗakina Hajiya Hafsatu, wadda tun a mota ta ja mini kunne cewa kada in ba ta kunya a ƙasar mutane. Hajiya, zan yi iya ƙoƙarina, amma ban yi alkawari ba.

Sunana Baballe, tela ne ni a kasuwar Birnin Kudu. Karatuna na boko a aji biyu na sakandare ya tsaya, kuma kada ku ce makarantar ce ta kore ni, tare muka gaji da juna muka rabu lafiya. Saboda haka in kun ji na karya wani suna na kimiyya, ku yi haƙuri ku ɗaure shi da kanku, akwai likitocin ƙashi a ɗakin nan.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mini ranar da 'yata Ikhlas ta kammala digiri na biyu a ilimin duwatsu. Ina godiya ga malamanta. Ina godiya gare ku da kuka riƙe ta kamar 'yarku, kuka shirya mata wannan walima, kuka ba mu masauki a unguwar Bin Mahmud, kuka kuma koya mini yadda ake rage sanyin ɗaki bayan na yi kwanaki ina barci da rigar sanyi a tsakiyar zafin Ƙatar.

Jama'a, an ce in yi jawabin murna, amma da yawanku kun san akwai magana a ƙasa. Aiki biyu ne a gaban yarinyar nan. Ɗaya a nan birnin Lusail, ofis mai sanyi, kafil, wato mai ɗaukar nauyinta a ƙasar nan, ya shirya sabunta mata takardar zama. Ɗayan kuma a gida, wajen wani kamfani da ke fasa dutse a yankinmu, suna neman wanda zai riƙa gwada musu dutse kafin ya shiga gini. Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon makon aiki a nan, da an buɗe ofis, dole ta ba da amsa. Ita gida take so. Ta ce ba za ta je ba sai da yardata, ni kuwa tun da na sauka daga jirgi kalma ɗaya nake maimaitawa: a'a. Kun ga ta can ta sunkuyar da kai, ba ta san abin da zan faɗa ba. Ku bar ni in bi maganar daki-daki.

Na farko, dalilin a'a ɗina. Bayan rasuwar mahaifinmu, da fasa dutse Inna ta ciyar da mu. Yaran yanzu ba su san yadda ake yi ba. A tara itace da kashin shanu a kan falalen dutse a kunna wuta, a bar shi ya yi zafi har ya fara ƙara, sannan a kwara masa ruwa ya tsage. Maza su ɓamɓaro manyan, mata su zauna a rana da guduma suna mayar da su tsakuwa. Inna takan dawo gida fari fat, har gashin idonta, ta yi dariya ta ce yau ma ta yi kwalliya kyauta. Daga baya tari ya kama ta, tarin da ya ƙi jin sassaƙe, ya ƙi jin rubutu, ya ƙi jin maganin asibiti, har ya tafi da ita. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na ce, in Allah Ya ba ni zuriya, babu wanda zai ci abinci da dutse. Sai ga shi na tura 'ya jami'a, na ɗauka likita za ta dawo, ta dawo mini da guduma a jaka. Na ce, "Ikhlas, duk karatun duniya, gadon Inna kika je kika ɗauko?" Ta ce, "Baba, ai ka ce in yi abin da kaina ya fi ɗauka." Na ce, "Kai na ce, ban ce gammo ba."

Na biyu, abin da na gani a ɗakin gwajinsu. Da ta ga gardama ba ta ci ba, sai ta ce, "Baba, yalla, taso ka zo ka ga shagona kamar yadda nake zuwa naka." Ta jera mini duwatsu a tebur. Ta ce duk waɗannan asalinsu narkakku ne, kamar dalma a kasko, daga can cikin ƙasa, kuma yadda kowanne ya huce shi ya ba shi kamanninsa. Na ce ban gane ba. Ta ce, "Shafa shi kamar yadda kake shafa yadi." Nan fa aka zo unguwarmu.

Wanda ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyinsa sun sami lokacin girma, kana ganinsu da ido ɗaya-ɗaya, kamar saƙin hannu mai kaurin zare. Shi ne irin dutsen garinmu, suna ce masa giranit. Wanda aman wuta ya watso waje ya huce da sauri, ƙwayoyinsa ƙanana ne, ido ba ya raba su, kamar shadda mai matsattsen saƙa. Shi ne baƙin dutsen da ake gani wajajen Biu, sunansa basalt. Akwai wanda ya fara hucewa a hankali, sai aka fizgo shi waje bai gama ba, ya fito da manyan ƙwayoyi warwatse cikin laushi, kamar yadin da aka yi wa aiki nan da can. Akwai mai huda-huda kamar leshi, saboda iska ta kumbura a cikinsa, har wani ba ya nutsewa a ruwa, irin wanda ake goge kaushi da shi. Akwai kuma wanda ya huce farat ɗaya, bai tara ƙwaya ko ɗaya ba, sai santsi da sheƙi kamar gilashi. Na ce, "Wannan ɗan ajinmu ne, tare muka bar makaranta."

Sannan ta sa wani yanki na dutsen garinmu, wanda aka goge har haske na ratsa shi, a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Jama'a, na yi shekaru ina yanka atamfa, ban taɓa ganin zane irin wannan ba. Dutsen da na taso ina tsana, ashe haka cikinsa yake. Ta nuna mini abu uku da suka haɗu suka yi shi: mai ruwan hoda ko fari wanda ya fi yawa, sunansa ya ƙi zama a bakina, baƙi mai walƙiya da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa, da wani garau kamar ƙanƙara, mai taurin da ke karce ƙarfe, shi ake kira kwaz. Ku riƙe mini wannan na ukun.

Na uku, abin da na gani a Lusail. Injiniya Nurudeen, ga shi nan a gaba, shi ya zaga da mu a motarsa. Ina ta ɗaga kai ina kallon benaye har hulata ta faɗi, sai ya ce in duba ƙasa. Ya ce dutsen ƙasar nan na farar ƙasa ne, yana da amfaninsa, amma bai kai taurin da babban titi da dogon bene ke so ba. Don haka a jirgin ruwa ake kawo musu wani baƙin dutse mai nauyi daga maƙwabta, sunansa gabro, ɗan'uwan basalt ne amma shi a hankali ya huce, ƙwayoyinsa sun sarƙe da juna. Shi ake niƙawa a zuba a kwalta da kankare. Giranit kuma a yanka shi a goge, a shimfiɗa a matakala da daɓe, a yi shekaru ana takawa bai nuna gajiya ba. Mutanen da suka fi mu komai suna aika jirgi ya ɗauko musu dutse, mu kuwa manomi a garinmu kullum ƙorafinsa dutse ya cinye masa gona.

Nurudeen ya ƙara da abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce dutsen da aka gasa da wuta aka kwara wa ruwa yakan tsattsage ta ciki inda ido ba ya gani, haka ma ɓawon saman da rana da damina suka ruɓar. In aka zuba irinsu a dakin, wato rufin kankare, ginin yana tsaye ne da rauni a jikinsa. Mu kuwa a gida, in za a sayi tsakuwa, tifa ake kallo ta cika ko ba ta cika ba. Wa ke tambayar daga wane ɓangaren dutse ta fito? Kuma 'ya'yanmu ne ke kwana a ƙarƙashin wannan dakin, su ne ke karatu a ƙarƙashinsa.

Na huɗu, kuma a nan zan rage wasa. A hanyar komawa masauki na ce mata, "Duk na ji. Amma dutse ya ci uwata, ba zan miƙa masa 'yata ba. Khalas, magana ta ƙare." Sai ta ce, "Baba, ka tuna garau ɗin nan mai kama da ƙanƙara? In ana fasa dutsen a bushe, shi ne ke zama ƙura mai laushi ya shiga huhu, kuma in ya shiga ba ya fita. Ni ba likita ba ce, ka tambayi Dakta." Na tambayi shugaban taron nan. Ya ce ba zai yanke hukunci kan marar lafiyar da bai gani ba, amma ciwon sananne ne a wajen masu wannan sana'a, kuma yayyafa ruwa a wajen aiki da sa takunkumin da ya dace suna rage shi ƙwarai.

Ruwa, jama'a. Ruwan da Inna ke ɗaukowa a ka ta kwara wa dutse don ya tsage, da an san a yayyafa shi inda take zaune da guduma, wataƙila da ta ga wannan yarinya. Kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma har gobe akwai mata a bayan dutsen garinmu, fari fat har gashin ido, wasunsu ni nake ɗinka wa 'ya'yansu kayan Sallah. Na hana nawa zuwa wajen, na ɗauka na gama da dutse. Su fa, wa zai je ya gaya musu? Ikhlas ta ce ba ta yi mini alkawarin gyara duniya ba, kamfani ma sai ta yi fama da shi kafin ya saurare ta. Amma ta ce in an sa ta gwada dutse, za ta riƙa kallon masu fasa shi.

To, Ikhlas, ɗago kanki. A gaban mahaifiyarki, a gaban malamanki, a gaban waɗannan bayin Allah da suka riƙe ki, na janye a'a ɗina. Ki je. Na yarda, kuma na sa miki albarka. Za ki sha rana, za ki sha raini daga mazan da ba su saba karɓar umarni daga mace ba, wata rana za ki tuna sanyin Lusail ki ce Baba ya fi ni gaskiya. In ranar ta zo, ki zo shago ki zauna ki huce, ba zan ce na gaya miki ba. Ko na ce ma, sau ɗaya ne.

Allah Ya jiƙan Inna da dukkan iyayenmu da suka riga mu. Allah Ya tsare wannan yarinya a inda za ta, Ya sa ta zama sanadin sauƙi ga waɗanda ba su da mai magana. Ku da kuke nan kuna neman halal nesa da gida, Allah Ya yi wa nemanku albarka, Ya haɗa ku da iyalanku cikin alheri, Ya zaunar da ƙasarmu da wannan ƙasa lafiya. Ɗalibai, na ga idanunku, na sauka, a shigo da abincin.

Na gode, Allah Ya saka da alheri.