Rabona a Ƙanena

Shugaban kamfani, manyan ma'aikata, matar ƙanena da 'ya'yanmu, sai ku yaran ɗakin amsa waya da kuka cika bayan zauren nan, assalamu alaikum. Ku gafarce ni, a zaune zan yi magana, ƙafafu sun ƙi.

An zaɓe ni ne don ni ne wan marigayin. Amma tun da na shigo nake jin kuna yabon wani mutum da ni ban samu ba.

Ya kasance mai kula da ku, ku da kuke wuni da na'ura a kunne kuna shan zagin mutanen da ba ku taɓa gani ba. Ya kasance yana bin teburanku yana cewa a miƙe, a juya wuya, a sha ruwan ɗumi saboda maƙogwaro, har kuka laƙaba masa Oga A-miƙe. Ya ja da manya sai da aka canza kujerun da ke karya muku baya. Ya ware ɗaki guda, ba waya, ba surutu, ya ce na hutun kunne ne. Duk mun shaida, mun kuma yaba.

To, dokar nan har gida ya kai ta. Da ya tashi aiki sai ya kashe wayarsa, wai kunne ma yana da hakki. Ni kuwa da nake zaune ni kaɗai, waya ce ƙofata. Wata rana abin ya ishe ni, na kira layin kamfaninku kamar mai ƙorafi. Wata yarinya ta ɗauka. Muna cikin gaisuwa na jiyo muryarsa a bayanta, yana tambayarta ko ta ci abinci, ko ciwon kan ya sauka. Ta ce, "Baba, me zan taimaka maka da shi?" Na ce, "'Yata, amsa masa, ke ake tambaya." Na ajiye.

Ni na goya shi, ni na riƙe hannunsa zuwa makaranta, ku kuka kwashi garar. Ashe kishi ba ya tsufa.

Matar ƙanena, ki yi haƙuri. Ke ma na sani, abin da suka rage kike samu. Ku kuwa yara, rabona yana hannunku. In kun tashi aiki, wani ya biyo ta wajena, ya zauna, ya ba ni labarinsa. Kada ku kira. Ku zo.

Mun gode da kuka halarta. Allah Ya jiƙansa, Ya hutar da shi kamar yadda ya hutar da ku, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.