Turmin da Ya Tsage a Ƙarƙashin Motata

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙunmu, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Garba direba daga Bungudu.

Ina da tsohuwar motar kaya, da ita nake ciyar da gidana da na ƙanena Sani. Ran Laraba mun ɗauko gyaɗa daga Kucheri za mu Gusau, ba mu kai Tsafe ba sifirin na baya, wato ƙarfen da ke tallafe nauyin motar, ya karye. Jak ɗina ya cinye, yakan zame, sai na roƙi wata tsohuwa a ƙauyen bakin hanya ta ara mini turminta in tokare motar. Ta ce, "Ɗana, turmin nan gero kawai ya sani, kada ka ɗora masa ƙarfe." Ban ji ba. Sani yana ƙarƙashi yana ɗaure sifirin da ɗanyar fata, jak ya zame, turmi ya tsage biyu, mota ta sauka a kan hannunsa na dama. Yanzu yana asibiti.

Wani makanike a Sabon Gari ya ce sabon sifirin sai daga Ikko, sai an jira wata biyu, kakar gyaɗa ta wuce ke nan. Maƙerin garinmu ya ce zai haɗa karyayyen a wuta. Wani kuma ya ce in ciro na matacciyar mota.

Don Allah direbobi, wanne zan bi? Ina ake samun jak na kirki? Kada ku yi shiru. Jiya Sani ya tambaye ni yaushe za mu koma hanya. Na kasa kallon hannunsa.