Verlin Ratzlaff, Mai Auna Rijiyoyi

Fasto Schrag, shugaban majalisar gunduma, ma'aikatan ofishin tallafin manoma, uwargida Arlys da 'yarku Twila, 'yan'uwana manoma, sannunmu da wannan rashi.

Ni ne Orval Dreiling. Shekara arba'in da ɗaya gonata na jingine da ta Verlin. Arlys ce ta ce in yi magana, kuma ta san abin da zan faɗa.

Verlin ya kasance mutumin da muka zaɓa sau shida a kwamitin da ke duba tallafin gwamnati. Shekarar da ƙanƙara ta kwantar da alkama, shi ya bi gida-gida da takardu a mota, har ya zauna a ɗakin girkin gwauruwar Koehn ya cike mata nata, don idonta ba ya gani. Babu wanda ya rasa haƙƙinsa a hannunsa.

Ya kasance kuma mutumin da ba mu son ganin motarsa a watan Janairu. Lokacin ne yake zagaya rijiyoyinmu da igiyar awo. Ya zura, ya jawo, ya girgiza kai. Kowace shekara ruwan na ƙara nisa.

Wasunku na nan ranar da ya miƙe a wannan zaure ya ce, "Jama'a, masara ce ke shanye mu. Muddin tallafi ya fi tsoka a kanta, ba za mu daina shuka ta ba. Biyan mu ake yi mu ƙafar da ƙasan nan."

Ni na ba shi amsa. Na ce, "Kai Verlin, in kuɗin sun yi maka nauyi, miƙo nan, bayana lafiya lau." Zaure ya ɗauki dariya. Shi ma ya murmusa, ya zauna.

A shekarar ya kashe injin ban-ruwansa, ya koma dawa da alkama, abin da sama ta bayar. Samunsa ya ragu, muka sa masa suna Annabin Fari. Mu kuwa muka ƙara eka, muka ƙara zurfin rijiya.

Bara, cikin Yuli, rijiyar gidansa, wadda ba ta da zurfi, ta ƙafe. Injina yana rabin mil daga ita, yana ja ba tsayawa. Sai ga shi a ƙofata da tanki a bayan mota. Ya cire hula, ya ce, "Orval, ko za ka ɗan sam mini ruwana?"

Na cika masa tankin. Ban kashe injin ba. Masara ta fara fure, kwana uku babu ruwa sai asara. Haka na gaya wa kaina.

Wata goma sha huɗu yana jigilar ruwa, yana da shekara saba'in da huɗu. A gefen tankin nan Twila ta same shi, rai ya yi halinsa.

Arlys, ki yafe mana. Ki yafe mini. Na san tun kafin a rufe shi mutanen wani kamfanin kiwo suka fara yi miki waya, don gonarku ce kaɗai ba a tsotse ƙarƙashinta ba. Ba ni da bakin ce miki kada ki sayar. Twila, ki tsaya kusa da mahaifiyarki, za su dawo.

'Yan'uwa, tallafin bana ya shigo makon jiya, duk mun gani. A makon ne injina ya fara aman yashi. Na ji na maƙwabcinmu Jantz ma haka. Watan Janairu na zuwa, ba mai zagayawa da igiya. Ba za mu san saura nawa ba sai ranar da ya ƙare.

Mun gode wa matan coci da suka shirya abinci. Sun ce in ba ku haƙuri, gahawar ba ta da yawa. Rijiyar coci ta tsaya ranar Talata, daga gari aka sayo ruwan.

Ubangiji Ya ba bawanSa Verlin hutawa, Ya ƙarfafa Arlys da Twila. Mu kuma Ya ji tausayinmu, domin an faɗa mana, mun kuma ji. Amin.