Sunan Eloísa a Bakin Mijinta

A ɗakin jira na likitar gyaran magana, a birnin Cuenca, wata dattijuwa ta ƙura wa ƙofa ido. Daga ciki ana jin tafi. Mutumin da ke gefenta ya matso.

"Baiwar Allah, jikanki ne a ciki?"

"Mijina ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai kira sunana ba. Likita ta ce in yau ma bai fito ba, sai dai mu koma magana da hannu."

"To tafin fa?"

"Yadda ake koya wa yara a makaranta, kowace gaɓa tafi ɗaya. E-lo-í-sa. Wai sai ya raba o da i, ya danna i ɗin."

"Iyayenki sun ɗora wa bawan Allah aiki. Da gajeren suna irin Ana suka sa miki, da tuni kuna gida."

"Kai dai bakinka ƙalau yake, ban san me ya kawo ka ba."

Sai tafin ya tsaya. Wata murya mai nauyi ta ce, "Loisa."

Aka ji likita tana cewa, "Ka haɗiye gaɓa biyu, Malam Anselmo. Sake."

Dattijuwar ta miƙe, jakarta ta faɗi ƙasa.

"Yi haƙuri," in ji mutumin, "zai iya."

"Ai ya iya! Tun muna saurayi da budurwa haka yake haɗiye min suna, ina masa faɗa." Ta buga ƙofar tana share ido. "'Yata, ƙyale shi haka. Kada ki gyara min shi."